Katangar tangaran ta unguwarmu: yadda aikin ke tafiya

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

Yau aka tsayar da magana a zauren mai unguwa. Katangar da ta kewaye rijiyar burtsatse ta unguwarmu, a nan cikin birnin Kano, za mu lulluɓe ta da gutsattsarin farantai da kofunan tangaran da suka fashe a gidajenmu, har da dakalin da ke jikinta. Kwamitin rijiya ya yarda. Liman ya sa albarka da sharaɗi biyu: kada a zana abu mai rai, kada kuma a sa aya ko sunan Allah a katangar da kwata ke bi ta gindinta. Ba wanda ya ja.

Duk mai bin lungun ya san abin da ya kai mu ga haka. Katangar ta bulo ce, tun filastar farko ba a sake waiwayarta ba, gefen da ke kallon lungu kuwa ya zama juji. An rubuta hani da gawayi, an rubuta da fenti, an yi sanarwa a masallaci bayan sallar isha'i, kwana biyu sai shara ta dawo. Ga shi nan ne yara ke layi da jarkoki, nan 'yan garuwa ke cika kurarsu. A ganina mutum ba ya zuba ƙazanta a jikin abin da ya san nasa ne. Wanda farantin uwarsa ke cikin katangar, zai ji nauyin juye kwandon shara a gindinta. A kan wannan muka ɗora aikin, shi ya sa muka ƙi shawarar a sayo fasassun tayil a kasuwa, duk da cewa sun fi daɗin aiki tunda a shafe suke kuma kaurinsu ɗaya. Komai daga cikin gidajen unguwa zai fito.

Asabar, 9 ga Nuwamba

'Yan mata sun zaga gida-gida da bokitai. Da farko abin bai karɓu ba. Wasu gidajen an ce babu, alhali kowa ya san ba gidan da za a rasa tsagaggen faranti a bayan kabad ko ƙarƙashin gado. Wata dattijuwa ta fito fili ta ce ita ba ta ba da abin da aka ci abinci a ciki a fita da shi waje, ba ta san hannun da zai faɗa ba. Ba mu yi mata musu ba. Tsoron sammu daɗaɗɗen abu ne, kuma kayanta ne. Sai da matar mai unguwa ta fito da nata a bainar jama'a, rabin wani babban faranti mai furanni ja da kofunan shayi da hannuwansu suka ɓalle, sannan ƙofofi suka fara buɗewa.

Akwai abin da ban taɓa lura da shi ba sai yau. 'Yan bola jari na sayen ƙarfe, suna sayen gorar ruwa da tsohon takalmin roba da dalma, amma ba mai sayen fasasshen tangaran, domin ba a narka shi a sake ƙera wani abu. Saboda haka makomarsa kwata ko juji, inda yake yanke ƙafar yara, kuma shekara da shekaru ba ya ruɓewa.

Mun shimfiɗa buhuna a tsakar gidan wata baiwar Allah da ta ba mu aron wuri, muka zauna tsinta kamar masu tsince wake. Farantan roba mun mayar wa masu su, siminti ba ya kama su, rana kuma tana cinye launinsu. Wani irin kwanon gilashi mai ƙwari shi ma mun ware, don idan aka buga shi ba ya rabewa gida-gida, tarwatsewa yake ya zama tsakuwa. Farantai uku ko huɗu na tsarabar Makka, masu hoton Ka'aba da rubutun Larabci, an kai wa liman ya adana. Ragowar an wanke da omo da ruwan zafi, domin ko ɗan maiƙon miya ya saura a jiki, siminti ba zai riƙe ba.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Wadda ta kawo shawarar tun farko 'yar unguwarmu ce, malamar firamare, ta karanta zane-zane a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Yau ta zauna da tsohon maginin da zai ja ragamar ginin, ta nuna masa hotuna a waya. Ga doguwar kujera mai lanƙwasa a lambun Park Güell na birnin Basalona a ƙasar Sifen, wanda Antoni Gaudí ya gina tsakanin 1900 da 1914, an lulluɓe ta kaf da fasassun tayil da tangaran. Ga gidan Raymond Isidore a garin Chartres na Faransa, talaka mai sharar maƙabarta, wanda ya fara a 1938 yana tsintar gutsattsarin farantai yana mannawa a gidansa ciki da waje, har kujeru da tebur. Ga kuma lambun Nek Chand a Chandigarh ta Indiya, ma'aikacin duba hanyoyi da ya shafe shekaru yana aikinsa a ɓoye cikin kurmi, sai a 1976 aka buɗe wa jama'a wurin.

Baba ya duba tsaf, ya miƙa mata wayar. "'Yata, sun yi ƙoƙari. Amma ki shiga tsofaffin soraye ki ɗaga kai." Ya ce a rufin daurin guga, daidai inda bakunan suka haɗu a tsakiya, magina na kafa kwano ko faranti, mai shiga ya ga yana ƙyalli. Da hannunsa ya kafa irinsu yana yaro a bayan ubangidansa. Daga nan ya shiga labarin Babban Gwani, Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830, da zanen bangon gidajen Birni a Damagaram, da daɓen da mata ke yi da madaɓi suna waƙa suna yayyafa ruwan makuba. Malama ta ƙara masa da cewa a Ile-Ife masu tonon tarihi sun tono daɓen da aka jera da tsingaro a tsaitsaye, na ɗaruruwan shekaru.

Wannan zaman ne ya gyara mana zane. Da furanni aka yi niyya. Yanzu dagi ne babba a tsakiyar fuskar da ke kallon titi, sai sarƙa mai hawa da sauka a sama da ƙasa irin ta wuyan babbar riga, sai da'irori a gefen lungu. Na fi son haka nesa ba kusa ba. Furen kanti kowa na iya yi a ko'ina, dagi kuwa ko yaro ya gani ya san na gida ne.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Ranar tsaftar muhalli ta ƙarshen wata, ba zirga-zirgar ababen hawa da safe, sai muka yi gayya. Samari sun kwashe jujin da shebur da baro, sun yashe kwatar. Baba ya sa an bi katangar da guduma ana ƙwanƙwasawa. Duk inda ya yi ƙarar rami, filastar ta saki bulo, an fasa an sake. Inda ke da ƙwari kuwa an sassare shi, domin sabon kwaɓi ba ya kama bango mai santsi.

Da yamma aka fara fasa. Yadda ake yi: a nannaɗe faranti cikin tsohon zani, a kifa shi a kan katako, a buga da ƙaramar guduma sau ɗaya a kusa da gindi. Bugu ɗaya, sannan a buɗe a duba. Mai gaggawa ya yi ta dukan zanin, in ya buɗe sai ya tarar da gari. Daga nan sai filayar masu tayil, a kama bakin gutsuren kaɗan, ba a zura ta ciki sosai ba, a matsa, sai tsagar ta bi ta miƙe. Kowane faranti kashi uku yake bayarwa: baki, inda ado yake kuma ya ɗan lanƙwashe, tsakiya, wadda take a shafe amma galibi fara ce, da zoben gindi mai kauri, wanda sai an cire shi. Kofuna sun fi wuya saboda lanƙwasarsu, dole a yanka su ƙanana, in ba haka ba su bar kogo a bayansu, ruwa ya taru a ciki.

Doka: ba mai fasa sai da tabarau da safar hannu, ba yaro ƙasa da shekara goma sha biyu a wurin, ba mai shiga ba takalmi. In an tashi a yayyafa ruwa kafin a share.

Asabar, 14 ga Disamba

Matsalar da ta fi ci mana tuwo a ƙwarya an warware ta, kuma ita ce ta fi faranta mini rai a duk aikin. Kayan na mata ne, su suka bayar, amma yawancin matan aure ba za su fito su tsaya bakin titi suna manna tangaran a bango ba. In aka tafi a haka, maza za su yi ado da kayan ɗakin mata, masu kayan kuwa sai dai a ba su labari.

Malama ta ce to a kai musu katangar cikin gida. Kafinta ya buga mana firam-firam na katako, ƙafa ɗaya tsawo, ƙafa ɗaya faɗi. An raba zanen gida-gida a kan takarda mai kauri, kowace da lambarta, aka rarraba wa gidaje. Mace za ta dama fulawa ta dafa ta yi kauri, ta riƙa shafa wa fuskar gutsure tana kifa shi a kan takardar, wato kyakkyawar fuskar na ƙasa, bayan na sama. In ta cika firam ɗin, sai a barbaɗa busasshen yashi kaɗan a tsakankanin don kada siminti ya zurara ya ɓata fuskar, a zuba kwaɓi rabi, a shimfiɗa ragar waya, a cika. Bayan 'yan kwanaki a juya, a jiƙa takardar, a ɓare, sai ga allon siminti mai fuskar tangaran da za a manna a katanga.

Amfanin wannan hanya, duk bambancin kaurin gutsattsarin, fuskar a shafe take fitowa, tunda dukkansu a kan abu ɗaya suka kwanta. Wahalarta kuwa, mai aiki ba ta ganin abin da take yi. Bayan faranti fari ne, ko ja ne a gaba ko kore. Sai matan suka ɓullo da tasu dabarar: kowane launi da kwanonsa, kuma ba a haɗa launi biyu a zama ɗaya.

Na je gidan Goggo lokacin da za a ɓare nata na farko. Ta kusa shekara saba'in, idonta ya yi rauni, da laluben yatsa take gane gefen da ya dace da gefe. Jikarta ta jiƙa soso tana dannawa a kan takardar har ta yi laushi, ta kama kusurwa ta ja a hankali. Shuɗi ya fara bayyana, sai fari, sai wani siririn layin ruwan zinare da ya ratsa gutsure biyar a jere bai karye ba. Goggo ta bi layin da yatsa. Bakin farantin da mahaifinta ya saya mata a Kasuwar Kurmi ne lokacin aurenta, ya tsage shekaru da dama ta kasa yar da shi. Ta ce, "Ku sa mini shi inda hannuna zai kai, kada ku kai shi sama." An rubuta a bayan allon.

Malama ta gaya mata gaskiya cewa ruwan zinaren a saman gilashin farantin yake, rana da goge-goge za su dusashe shi sannu a hankali, shuɗin ne zai dawwama. Ta ce ta ji, a sa haka nan.

Asabar, 28 ga Disamba

Hunturu ya kankama, hazo ya rufe gari. Baba ya ce ba abin da ke kashe siminti kamar wannan iska, tana zuƙe ruwansa tun bai yi ƙarfi ba, sai ya zama gari-gari. Saboda haka duk allon da aka zuba a rufe shi da jiƙaƙƙen buhun algarara a ajiye a inuwa, a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma har mako guda. Kwaɓin kuwa awo ɗaya na siminti, uku na yashin da aka tankaɗe. Aiki ya ɗan ja baya saboda bukukuwan aure sun yi yawa a wannan hutun.

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

An fara ɗora alluna a fuskar titi. Baba ya daidaita layin ƙasa da igiya da tiyo mai ruwa, ya kafa katako a kai, daga nan aka riƙa hawa sama. A jiƙa bango, a jiƙa bayan allon, a lafta kwaɓi a duka biyun, a danna, a bubbuga da ƙotar guduma. Rabin dagin ya fito. Masu adaidaita sahu na rage gudu suna leƙe.

Launi ne ya fara ƙaranci. Fari ya yi mana yawa har ba mu san yadda za mu yi da shi ba, ja da ruwan hoda akwai daidai gwargwado, shuɗi mai duhu kuwa, wanda layin dagin ke buƙata, ya kusa ƙarewa. Wani ya ce a fasa kwalabe. An ƙi, kaifin kwalba ba irin na tangaran ba ne, kuma dakali ne da yara za su hau. Don cike gurbin baƙi da ja mai duhu mun koma ga tsingaron tukwane da tuluna. Shi yana shan ruwa, sai an jiƙa shi ya ƙoshi kafin a sa, kuma a sama za a yi amfani da shi inda feshin kwata ba ya kaiwa.

Sai batun langa da samira. Tun ranar farko mata ke kawo su, muna cewa ba a fasa su, ƙarfe ne aka yi wa rufin gilashi, in an buga sai rufin ya ɓantale ƙarfen ya yi tsatsa. Amma zuciyata ba ta kwanta da mayar da su ba. Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san jere. Kakanninmu da ƙorai da akussa da tasoshi aka yi musu, iyayenmu da kwalla da langa da samira har kusa da rufin ɗaki, sannan tangaran ya shigo cikin kabad mai gilashi, yanzu kuma kuloli. Kayan nan ba na cin abinci ba ne kawai. Dukiyar mace ce, wadda uwa ke tarawa da kuɗin adashi da na sana'ar cikin gida tun 'yarta na goye, in ta shiga matsi ta ɗauki ɗaya ta sayar. Katangar da za ta ɗauki kayan matan unguwa ta bar langa a waje, ta tsallake zamani guda.

Baba ne ya raba gardama. Ya ce a kafa murafun ɗungurungum, kamar yadda ake yi a rufin soro, a tsakiyar kowace da'ira a gefen lungu. A shafe bayan da fentin hana tsatsa, a cika cikinsa da kwaɓi don kada ya lotsa, a binne bakin cikin siminti. Murfin da fuskarsa ta riga ta ɓantale ba za a sa ba.

Asabar, 25 ga Janairu

Abu biyu marasa daɗi a makon nan.

Na farko, an wayi gari an ɓanɓare gutsattsari a layin ƙasa, inda aka manna kai tsaye da yamma kwaɓin bai gama kamawa ba. Masu ƙyalli aka zaɓa, alamar aikin yara ne. Wasu suka ce a nemo su a zane su. Mai unguwa ya tara yaran lungun ya tambaye su. Wani ɗan ƙarami ya ce, "Ranka ya daɗe, mu an hana mu taɓawa." Gaskiyarsa. Mun kore su daga wurin fasa saboda tsaro, ba mu ba su komai a madadi ba. Yanzu an ware musu layi guda a ƙasan gefen lungu. Manya za su goge kaifin gutsattsarin a kan dutsen wasa wuƙa, yaran su manna yadda suka ga dama, ba zane. Abin da aka ɓanɓare, mafi yawa an dawo da shi a aljihu.

Na biyu, kuɗin siminti ya ƙare. Karo-karo muke yi, ga tsadar da buhu ya yi. Wani mai neman kujera ya aiko a ce zai ɗauki nauyin abin da ya rage, in za a rubuta sunansa da tangaran a saman dagin. An yi zama, an yi ta ja-in-ja, domin kuɗin muna buƙatarsa ƙwarai, kuma masu cewa a karɓa ba su faɗi abin banza ba. Ni ina cikin waɗanda suka ƙi. Ranar da sunan mutum ɗaya ya hau katangar nan, ta zama tasa, 'yan ɗaya jam'iyyar kuma su ɗauke ta abokiyar gaba. An aika masa da godiya, an ce in don Allah zai bayar ƙofa a buɗe take. Har yau ba amsa. Matan da ke adashi sun ba da kwasar mako guda, 'yan garuwa ma sun haɗa nasu, abin da ban zata ba.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

An cike tsakankanin fuskar titi. An so a yi da farin siminti, Malama ta sa aka gwada a allo biyu aka jingina su a rana. A farin, fararen gutsattsarin sun narke cikinsa, zanen ya ɓace daga nesa. A mai ruwan toka kowane gutsure ya fito da kansa. Ruwan toka aka ɗauka, ga shi ya fi araha, ya kuma fi jure ƙura. Ana cusa shi da hannu cikin safar roba, a bari ya ɗan sha iska, a goge da soso mai ɗan danshi, in ya bushe a bi da busasshen tsumma.

Dakali ya ci lokaci fiye da komai. A nan mutane za su zauna da fararen kaya, yara su hau da gajeren wando, don haka tsakiyar faranti kawai aka sa a samansa, an kuma karkata shi kaɗan don ruwa ya gangare. Baba ya sa a ja tsohon ɗankwali a kai daga wannan gefe zuwa wancan. Duk inda zare ya maƙale, akwai kaifi, a goge. Sai da ɗankwalin ya wuce sumul ya ce an gama.

Allon Goggo yana gefen dama na famfo, daidai kafaɗar mai zama.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Inda aka kwana: fuskar titi ta kammala, dakali ya kammala, layin yara ya kusa. Gefen lungu an yi kamar rabi, murafun langa sun hau, da'irori uku na jiran shuɗi. Saman katangar ba a taɓa ba, kuma dole a yi masa hula ta siminti mai gangara kafin ruwan farko, in ba haka ba ruwa zai shiga ta bayan allunan ya ture su.

Game da shara, inda aka gama ba a sake zubawa ba tun da aka ɗora alluna. Kusurwar ƙarshe da ba a kai ba kuwa, ana wayar gari a ga leda biyu ko uku. Na yi magana da wasu matan lungun, suka ce to ina za su kai? Motar kwasar shara ba ta iya shiga lungu, wurin zubarwa mafi kusa kuma sai an tsallaka babban titi, ba uwar da za ta aiki ƙaramin yaro can. Wannan ba abin da tangaran zai magance ba ne. Kwamiti ya yanke a samo rabin duro biyu a ajiye nesa da rijiya, a riƙa biyan mai baro ya kwashe duk bayan kwana biyu daga kuɗin ruwa. Mai unguwa zai sanar ranar Juma'a.

Azumi ya ƙarato, ana sa ran ganin wata ƙarshen makon gobe, ba kuma za a iya kwaɓa siminti da ƙishirwa a zafin Maris ba. Aikin waje ya tsaya sai bayan Sallah. Firam-firam dai suna cikin gidaje, wadda ta samu sarari da hantsi ta ci gaba da jerawa, zubin kwaɓi ya jira. Matan lungun bayan masallaci sun aiko suna tambaya ko za a ba su aron firam in mun gama, an ce su zo su koya tun yanzu.

Shuɗi muke nema, mai duhu, ko na kofi ko na faranti. Cikin hidimar buɗa-baki da ta Sallah ba a rasa abin da zai fashe. Wadda nata ya fashe ta wanke shi, ta ƙulle a tsumma, ta ajiye inda hannun yara ba ya kaiwa, 'yan mata za su zagayo da bokiti a makon farko na Shawwal.